Ƙari Biyu a Kwarmin Ido: Mai Kwanso da Marar Kwanso

Idan ido ɗaya ya fara turowa waje a hankali, ba tare da zafi ba, zuciya takan tafi ga sankara. Sau da yawa ba ita ba ce. Akwai ƙari iri biyu da ke tsirowa daga rigar jijiyoyin kwarmin ido: shuwanoma da nurofaibiroma. Tushensu ɗaya, amma hanyar gano su ta sha bamban.

Shuwanoma ta manya ce, galibi 'yan shekara 20 zuwa 60. Takan fito daga jijiyar da ke kai ji zuwa goshi, shi ya sa aka fi samunta a saman kwarmi, tana danna ƙwayar ido ƙasa. Hoton MRI ne ke nuna ta, dunƙule guda cikin kwansonta. Ko nan ba a yanke hukunci, domin ƙarin jijiyoyin jini yakan yi kama da ita. Sai an ciro ta, madubin ɗakin gwaji ya nuna sashe mai cunkoson ƙwayoyi da mai sako-sako, wato Antoni A da B.

Nurofaibiroma mai rassa kuwa tun yarinta take bayyana, kuma hannu kan riga na'ura gano ta. Fatar ido ta sama takan yi kauri ta zubo ta gefen waje. In likita ya latsa, sai ya ji kamar tsutsotsi cikin jaka. Daga nan zai ce, "Mama, a cire masa riga." Tabo shida ko fiye da suka fi sauran fata duhu suna nuni ga cutar gado ta NF1, wadda Bajamushe von Recklinghausen ya bayyana a 1882, mai samun kusan mutum 1 cikin 3,000. Hoton CT kan nuna ko ƙashin bayan kwarmi bai cika ba.

A ɗakin tiyata ake ganin amfanin rarrabewar. Shuwanoma ɓare ta ake yi a fitar gaba ɗaya, da wuya ta dawo. Nurofaibiroma ta cakuɗe da nama, tana zubar da jini, ragewa kawai ake yi, kuma takan sake tsirowa, wani lokaci ta rikiɗe ta zama sankara. Fatar da ta rufe ido ma tana iya dakushe ganin yaro har abada.

Don haka ta biyun ta fi buƙatar hanzari. Mai shuwanoma aiki ɗaya kan sallame shi. Mai nurofaibiroma kuwa shi da asibiti sai shekaru, kuma a duba iyayensa da 'yan'uwansa.