Ku Bar Yarinya A Ajin Kimiyya

A Kebbe da Tambuwal akwai wata ɗabi'a da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yarinya ta gama ƙaramar sakandare, malamai sun shaida kanta na ja a lissafi, sun sa ta ajin kimiyya. Zangon farko bai ƙare ba sai ga baffa a ofishin shugaban makaranta: "Ranka ya daɗe, a mayar da ita ajin adabi. Karatun likita shekara shida ne, wa zai zauna jiranta?" Ita kuwa tana tsaye bakin ƙofa, kai a sunkuye, tana murza gefen hijabi. Ba wanda ya tambaye ta.

Baffan nan shi ne gobe zai tayar da jijiyar wuya a asibiti, wai namiji ba zai duba iyalinsa ba. To likita macen daga sama za ta faɗo?

Abin da iyaye ba su lura da shi ba, wannan sauyin ajin ba ƙaramin abu ba ne. Duk wadda ba ta rubuta fiziks da kemistiri da bayoloji a WAEC ko NECO ba, ta kuma ci su tare da lissafi da Turanci, ƙofar karatun likita ko haɗa magunguna a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta rufe mata. Maganar minti biyar ta kashe shekara uku. Ga kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya a Tambuwal, a hancinmu, amma wasunmu ko ranar da ake sayar da fom ba su taɓa tambaya ba. A ƙasar Nana Asma'u!

Masu fakewa da aure su dubi Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero a Kano. An yi mata aure bayan sakandare, ta haihu, sai tana da shekara 29 ta shiga jami'a. A 2015 ta karɓi kyautar Gidauniyar Elsevier ta mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa, kan bincikenta na sararin samaniya. Ita ta jure ta dawo. Nawa ne suka tafi ke nan?

Saboda haka uba ya taka da ƙafarsa zuwa makaranta a makon farko na aji huɗu, ya ga takardar darussan 'yarsa da idonsa. Kada a bar wa mai shagon kwamfuta zaɓen darussan JAMB, a tafi da malaminta. Inna ta rage mata talla da ɗiban ruwa lokacin jarrabawa, yayyenta maza ma suna da hannuwa. In kuwa manema sun fito, waliyyi ya faɗi sharaɗin ci gaba da karatu a gaban shaidu tun kafin a karɓi sadaki.