Neman Magani a Cikin Ƙasa: Inda Binciken Ɗalibai Ke Tsayawa

Maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka, wato streptomycin, ɗalibi ne ya gano shi. Albert Schatz na Jami'ar Rutgers a Amurka ya ciro shi daga wata bakteriyar ƙasa a 1943, amma malaminsa Selman Waksman ne ya karɓi kyautar Nobel a 1952. Yau masana sun sake komawa tonon ƙasa, domin magungunan da ake taƙama da su sun fara gazawa. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 sanadin ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan kashi.

Mu a Bauchi ba sai an ba mu labari ba. Daga Wunti zuwa Muda Lawal, mutum zai shiga kyamis ya sayi kafso ja da yalo guda huɗu saboda mura, ya sha biyu, ya ji dama-dama, ya ajiye sauran. Masu kiwon kaji kuma suna zuba irinsa a ruwan shan kajin ko da lafiyarsu ƙalau. Ƙwayar cutar da ta tsira daga rabin magani ita ke hayayyafa, har ta kai mutum gadon Asibitin Koyarwa na Jami'ar ATBU, inda sai an nemi allura mai tsada.

Abin da ya sa binciken neman magani a cikin ƙasa ya karɓu wurin ɗaliban nazarin ƙananan halittu shi ne sauƙinsa. Jami'ar Yale ta mai da shi darasi a 2012 a hannun Jo Handelsman. Ɗalibin ajin ƙarshe a harabar ATBU ta Yelwa ko Gubi ba ya buƙatar komai sai cokalin ƙasa, ruwan da aka tsarkake da faranti mai ɗauke da abincin bakteriya. Bayan kwanaki sai ɗigo-ɗigo masu kama da garin alli su fito, suna ƙamshin ƙasa a ruwan farko. Idan aka shimfiɗa ƙwayar cuta a gefensu aka ga wata da'ira fayau inda ta kasa tsirowa, to akwai sinadarin da ke kashe ta.

A nan gizo ke saƙa. Yawancin irin wannan aiki a jami'o'inmu da'irar nan ce iyakarsa: a auna ta da rula, a rubuta, a ɗaure kundi, a kai ɗakin karatu. Alhali sau da yawa abin da aka gani tsohon magani ne aka sake ganowa, kuma ba a tantance hakan sai da na'urar karanta ƙwayar halitta da ta tace sinadarai. Ko maganin teixobactin da aka sanar a 2015, sai da aka ƙera wata na'ura ta musamman, iChip, kafin bakteriyarsa ta yarda ta tsiro.

A ganina babbar asarar ita ce bakteriyar da ake zubarwa bayan an ba da maki. Ƙasar bakin madatsar Gubi da ta kewayen ruwan Wikki a Yankari sun cancanci a adana abin da aka ciro daga cikinsu. Wannan kuwa firiza mai tsananin sanyi yake so, da wutar da ba ta ɗaukewa, da rajistar da ɗalibin baɗi zai buɗe ya ɗora daga inda na bana ya tsaya. Kuɗin asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund zai iya ɗaukar nauyin wannan.