Bargar Dawaki Ta Ƙarfe Da Ake Oda Ta Waya: Abin Da Bidiyon Talla Ba Ya Nunawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon bidiyon dawaki biyu ko uku a TikTok ko Facebook ya san abin da ke biyo baya. Manhajar ta gane inda zuciyarsa take, sai ta fara turo masa talla. Ɗaya daga cikin tallan da ke ɗaukar ido shi ne na bargar ƙarfe: fili fayau, tirela ta sauke ƙarafa, mutum shida da sifanoni, kafin kiɗan ya ƙare gini ya tsaya da ƙofofinsa masu zamewa, ga wani ingarma ya leƙo kai. A ƙasa kuma lambar WhatsApp.

Tallan ba ya faɗuwa ƙasa banza a Arewa. Matasa sun rungumi kilisa da hawan angwanci, ga hawan Sallah da UNESCO ta saka na Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024, ga kuma 'yan folo na Kaduna da Kano da Katsina. Dawaki na ƙaruwa, filin cikin gari na ƙanƙancewa. Wanda ya tara kuɗi ya sayi doki, gobe tambayarsa ita ce inda zai ɗaure shi.

Ginin ƙarfe na iya zama amsa. Sai dai yawancin waɗanda ake tallatawa an zana su ne don ƙasashen da damuwarsu sanyi da dusar ƙanƙara. Damuwar nan daban ce, kuma idan aka yi kuskure doki ne ke biya da lafiyarsa.

Yadda ake haɗa shi

Dabarar ta tsufa. Sojojin Ingila sun yi amfani da bukkar ƙarfe ta Nissen tun 1916, Amurkawa suka fito da ta Quonset a 1941. Abin da ya canza shi ne kwamfuta. Yanzu injiniya na zana ginin gaba ɗaya a manhaja irin Tekla Structures, manhajar ta fitar da girman kowane ginshiƙi da wurin kowane rami, injin masana'anta ya yanka ya huda daidai da zanen. Kowane ƙarfe na zuwa da lambarsa. A filin gini babu walda sai ɗaure noti. Kamfanoni irin su Zamil Steel na Saudiyya da Kirby na Kuwait sun shafe shekaru fiye da arba'in suna wannan sana'a, ga kuma ɗaruruwan masana'antun Chana da ke cike da Alibaba.

Amfaninsa a fili yake. Gara ba ta cin ƙarfe. Rufin na iya yin faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, don haka ana raba ɗakuna yadda ake so. Wanda ke kan filin haya zai iya kwance kayansa ya tafi da su.

Amma duk mai rubuta manhaja ya san ciwon wannan tsari: kwamfuta tana yin abin da aka faɗa mata ne, ba abin da ake nufi ba. Idan aka ba masana'anta ma'auni mara kyau, za ta yanka kuskuren tsaf, ta zuba a kwantena, ya yi makonni a teku. Babu sabuntawar da za a sauke ta gyara ginshiƙin da ya gajarta. Shi ya sa ake fara da ma'aunin doki. Ɗakin doki ɗaya da aka fi amincewa da shi ƙafa 12 ne tsawo da faɗi, wato kusan mita 3.6. Ƙofa ƙafa 4. Hanyar tsakiya ƙafa 12, don dawaki biyu su wuce juna ba tare da cizo ba.

Zafi ne babban abokin gaba

Jikin doki ya fi samun sauƙi tsakanin digiri 5 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyos. A watan Afrilu, Sakkwato da Maiduguri kan haura 40, Kano ma tana taɓawa. Kwanon da rana ta doka tun hantsi ya fi iskar waje zafi nesa ba kusa ba, kuma zafin nan yana saukowa kai tsaye kan bayan dabbar da ke ƙasansa. Wanda ya taɓa zama a shagon kwantena da azahar ba ya buƙatar bayani. Bambancin shi ne mai shago zai fito ya zauna gindin bishiya, doki kuwa a kulle yake.

A nan ne tsohuwar rumfar ciyawa da turke ke ba ginin zamani kunya. Ba ta da kyan hoto, amma iska na ratsa ta ko'ina, rufinta kuma ba ya riƙe zafi. Ginin ƙarfen da zai yi aiki a nan dole ya kwaikwayi wannan rumfa, ba gidan sanyin Turai ba.

Abin nufi, bango ya yi tsayi, aƙalla mita 3.5, in da hali 4. A bar tsaga a ƙololuwar rufi daga farko har ƙarshe da hula a kanta, domin iska mai zafi sama take tashi, in ba ta sami mafita ba sai ta taru. Rabin bangon na sama ya zama sanduna ko raga, ba kwano ba. Bakin rufi ya fito waje kamar mita ɗaya don inuwa. Launin kwanon ya zama fari ko mai haske. Baƙi da ruwan toka mai duhu da ake yayi yanzu suna da kyau a Instagram, a barga kuwa tanda ne.

Ƙarƙashin kwanon ana buƙatar abin tare zafi. Akwai kwano mai ɓargo, wato falle biyu da soso a tsakani. A tambayi irin soson. Farin nan mai kama da na cikin kwalin talabijin yana kamawa da wuta, mai audugar dutse ba ya kamawa. Abin tare zafin yana da wani amfani kuma: yana rage rugugin ruwan sama a kan kwano, wanda ke firgita wasu dawakan, yana kuma hana raɓa ɗiga daga rufi da asubar hunturu.

Sai fuskar gini, wadda waya ke warwarewa kyauta. A buɗe kamfas ɗin waya ko Google Earth, a miƙar da tsawon ginin daga gabas zuwa yamma, yadda dogayen bangaye za su kalli kudu da arewa, rana ta bi ta kan rufi. Gajeren bangon gabas a rufe shi sosai, domin kowa ya san ta inda hadari ke tasowa.

Fitsari na cin ƙarfe

Mai talla zai ce ƙarfensa ba ya tsatsa. A tambaye shi a ina. Doki mai kilo 450 na yin fitsari kusan lita 9 a rana, kuma fitsarin na sakin amoniya, iskar nan mai hawa kai da ke sa ido hawaye. Amoniya da danshi suna cin ƙarfe daga ƙasa, daidai gindin ginshiƙi inda dusar katako ta rufe, babu mai gani.

Akwai wani tarko a nan da mutane da yawa ba su sani ba. Kwanon da ake kira Galvalume ko Aluzinc, mai rufin alminiyom da zinki, ya fi kwanon zinki zalla daɗewa a kan gidan mutane. A gidan dabbobi lamarin juyewa yake, domin amoniya na lalata alminiyom ɗin, har masu ƙera shi kan cire gidajen dabbobi daga garantinsu. Na barga shi ne mai zinki zalla, kuma a nemi lambar a rubuce: Z275, ma'ana giram 275 na zinki a kowace murabba'in mita, fuska biyu a haɗe. A takardun Amurka sunansa G90. Ginshiƙai su zama waɗanda aka tsoma cikin narkakken zinki, ba waɗanda aka fesa wa fenti ruwan azurfa ba. Sannan a ɗora kowane ginshiƙi kan dakalin kankare da ya ɗara daɓe tsayi, kada ƙafarsa ta zauna cikin jiƙaƙƙen shara.

Kaurin kwano ma akwai ruɗu. A lissafin geji, lamba na hawa kwano na sirancewa: geji 29 bai kai geji 26 kauri ba. Gara a nemi kaurin da milimita, a kuma sayi ƙaramin ma'aunin kauri mai allo, a gwada da hannu ranar da kaya suka iso.

Inda kofato ke kaiwa

Wannan ba a sasantawa a kansa. Kada a bar doki da bangon kwano tsirara. Harbi ɗaya kofato ya huda kwanon, kuma lokacin da dokin ya fizgo ƙafarsa, bakin kwanon ya zama wuƙa. Jijiyar ƙafa in ta yanke, sau da yawa hawan dokin ya ƙare ke nan. Daga daɓe zuwa tsayin mita 1.2 ko 1.5, cikin ɗakin ya zama katako mai kaurin inci biyu, ko bulo da aka cika cikinsa da kankare. A Arewa bulon ya fi sauƙi, ga magina ko'ina, gara kuma ba ta taɓa shi. Sandunan sama kada tazararsu ta wuce inci 3, don kofato kada ya shige ya maƙale.

Daɓen siminti zalla yana da santsi, yana kuma gajiyar da ƙafa. Ko dai a shimfiɗa tabarmar roba a kai, ko a yi daɓen burji mai ɗan gangare. Idan yashi aka zuba, harawa da dusa su tsaya a komi, domin yashin da doki ke haɗiya da abinci na taruwa a hanji ya jawo ciwon ciki.

Iska, wuta da sigina

Takardar kamfanin waje za ta yi alfahari da nauyin dusar ƙanƙarar da rufin zai ɗauka. Wannan lamba ba ta da amfani a Katsina. Lambar da ake buƙata ita ce ta ƙarfin iska, domin guguwar farkon damina ba danna rufi take ba, ɗaga shi take, kuma ginin da gefensa ke buɗe ya fi ba ta wurin kamawa. Abin da ke riƙe ginin shi ne manyan kusoshi masu zare da ake binnewa a kankaren tushe. Tushen ba ya cikin kwantena. Mai gini ne zai yi shi a nan, bisa zanen masana'anta, kuma kuskuren santimita biyu ya isa ya sa ginshiƙi ya ƙi zama. Injiniya mai rajista da COREN ya duba zanen kafin a biya kuɗi, a kuma nemi izinin hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna.

Gini na ƙarfe da wayar lantarki da ɓera ya ɓare haɗari ne babba. Doki bai jure wutar da mutum ke jurewa ba, saboda tazarar ƙafafunsa na gaba da na baya tana sa wutar da ke bin ƙasa ta ratsa jikinsa. A watan Fabrairun 2011, a filin sukuwa na Newbury a Ingila, dawaki biyu suka faɗi matattu saboda wata wayar da ke binne, mutanen da ke riƙe da su kuwa suka tsira. Don haka kowace waya ta bi cikin bututu, a haɗa ƙarfen ginin da wayar ƙasa, wadda masu gyaran wuta ke kira atin, a kuma sa na'urar katse wuta ta RCD. Ingirici da harawa a yi musu rumbu daban. Ƙarfe ba ya ci da wuta, gaskiya ne, amma wajen digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, rufin ya lanƙwaso.

Masu son saka kyamara don kallon doki daga waya su sani bangon ƙarfe na danne sigina. Na'urar intanet ta zauna a waje ko a bakin taga, a ja waya zuwa ciki. Ƙaramin ma'aunin zafi da danshi mai Bluetooth, irin na Xiaomi ko Govee, zai nuna yadda ɗakin ke kwana da yini. Mai son haɗa nasa zai iya da ESP32 da DHT22, ya sa ya turo saƙo idan zafi ya wuce iyaka. Fanka mai sola ma ba don sanyi kawai ba ce. Cutar dawaki ta Afirka, mai kisa cikin kwanaki, wasu mitsitsin ƙwari ne ke yaɗa ta daga magariba zuwa asuba. Suna ratsa ragar sauro ta gama-gari, amma ba su iya tashi cikin iska mai ƙarfi. Fankar ba ta maye gurbin rigakafin likitan dabbobi.

Wa ya kamata ya saya

Mai doki ɗaya ko biyu ba shi da dalilin shigo da kwantena. Bayan kuɗin kaya da dala akwai na jirgi, na kwastan, na tirela daga Legas, na tushe, na masu ɗaurawa, kuma farashin da ke kan allon waya na ƙarafan ne kawai. Mai walda na gari da zanen injiniya, bulo a ƙasa, dogon rufi mai haske a sama, zai fitar da shi. Ginin masana'anta ya fi dacewa da mai dawaki takwas ko goma zuwa sama, ƙungiyar folo, ko masu hayar dawakin biki da ke sa ran faɗaɗawa.

Shi ma wannan kada ya tura kuɗi saboda bidiyo. Ya nemi cikakken zane da jerin kaya, ya duba hotunan tallan da Google Lens ko na wani kamfani ne aka ɗauko, ya biya kashi-kashi. Sannan ya sa mai sayarwa ya nuna masa barga ɗaya da suka kafa a ƙasa mai zafi wadda ta yi damina uku. Idan da halin zuwa, ya je da ƙarfe biyu na rana a cikin bazara da ma'aunin zafi a aljihu, ya tsaya cikin ɗakin doki minti goma, ya kuma sa ƙafa ya ture sharar da ke gindin ginshiƙi ya ga launin ƙarfen.