Liktenstain: Yini guda a ƙasar da ba a tsayar da mota a kan iyaka

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Mun ƙara gaskata haka a lokacin da muka kai ziyara wurin ƙanen uwargida da ke aiki a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan. Ana saura kwana biyu mu dawo gida, ya ce bai kamata mu tafi ba mu leƙa wata 'yar ƙasa da ke maƙwabtaka da su ba, wato Liktenstain. Ya rubuta mana hanya a takarda, muka fita mu biyu da sassafe.

Jirgin ƙasa ya kai mu garin Sargans cikin kusan awa guda, daga nan muka shiga bas. Da muka doshi gadar kogin Rain, wanda ya raba ƙasashen biyu, sai uwargida ta fiddo fasfo ta riƙe, kamar yadda duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya zai yi. Muka haye gada babu shinge, babu jandarma, babu ɗan duwan. Ta juyo ta ce, "Malam, anya mun shiga kuwa?" Ashe tuni muna cikin wata ƙasar.

Ƙasar baki ɗaya murabba'in kilomita 160 ce, tsawonta kimanin kilomita 25, jama'arta kuma wajen dubu 40. Ba ta da teku, maƙwabtanta biyu, Suwizalan da Ostiriya, su ma ba su da shi. Ba ta da filin jirgin sama, sojanta kuwa tun 1868 ta sallame su.

Fadoji biyu

Zangonmu na farko shi ne Balzers, inda tsohuwar fadar Gutenberg take zaune a kan wani tudu mai tsayin mita 70 a tsakiyar gari, gonakin inabi sun kewaye ta. Mun hau da ƙafa har farfajiyar waje, wadda ake shiga kyauta. Ginin dutse ne mai kauri, da hasumiya da ƙananan tagogi, irin na zamanin yaƙe-yaƙe. Ta taɓa zama kango har mutanen gari suna kwasar duwatsunta suna gina gidaje, sai a farkon ƙarni na 20 aka sake tayar da ita. Daga can sama mutum yana hangen duk wanda ya shigo kwarin, ka san ba a banza aka zaɓi wurin ba.

Daga nan muka wuce Vaduz, babban birnin ƙasar, wanda mutanensa wajen dubu 6 ne. Fadar sarki tana maƙale a jikin dutse, mita 120 sama da gari. Mun yi kusan rabin awa muna hawa ta cikin itatuwa, muna tsayawa muna hutawa, amma da muka isa sai muka tarar ba a shiga, domin iyalan Yarima Hans-Adam na Biyu suna zaune a ciki. Sai ranar 15 ga Agusta, ranar bikin ƙasa, ake gayyatar jama'a zuwa lambun fadar. Muka ɗauki hoto daga waje muka sauko.

Labarin sarautar zai ba ɗan kasuwa sha'awa, don kuwa sayen ƙasar aka yi. Gidan Liktenstain, attajiran Ostiriya ne, suka sayi yankin Schellenberg a 1699, suka sayi Vaduz a 1712, aka haɗe su ƙasa guda a 1719. Abin da suke nema shi ne kujera a majalisar sarakunan daular Jamus ta wancan zamani. Shi ya sa aka yi fiye da shekara 100 kafin wani sarki mai ci ya taka ƙasar, kuma sai a 1938 suka tare a fadar.

A ofishin baƙi da ke tsakiyar gari mun ga abin dariya. Tun da ba a buga hatimi a kan iyaka, masu yawon buɗe ido ne ke biyan faran 3 na Suwizalan, wato jika biyu da 'yan kai na sefa, don a buga musu a fasfo, abin tunawa kawai. Uwargida ta ce, "Mu a gida biya muke a bar mu mu wuce, su nan biya suke a tsayar da su!"

Ƙauyukan kan dutse

Bayan azahar muka hau wata bas da ke bin hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe zuwa Triesenberg, ƙauyen da ke kusan mita 900 sama da teku. Kakannin mutanensa, da ake kira Walser, sun yi ƙaura ne daga kudancin Suwizalan kimanin shekara 700 da suka wuce, har yau kuma Jamusancinsu ya sha bamban da na mutanen kwari. Gidajen katako ne da furanni a tagogi. A nan muka ci abincin ƙasar, wani kwaɓaɓɓen gari da cuku da soyayyar albasa. An kuma nuna mana ribel, abincin garin masara wanda a da shi ne cimar talaka, domin kakanninsu manoma ne da makiyaya masu fama da rashi, da yawansu ma ci-rani suke fita.

Motar ta ratsa wata hanya da aka huda cikin dutse, ta sauke mu a Malbun, mita 1,600. Duk da lokacin zafinsu ne, sai da muka saka rigunan sanyi. Ko'ina kore shar, shanu na kiwo da ƙararrawa a wuya, ƙararta na tashi daga kowane lungu. Akwai kujeru rataye a jikin waya da ke ɗaukar mutane zuwa mita 2,000. Da farko uwargida ta ƙi hawa, daga baya ta yi bisimilla ta runtse ido. A can ƙoli muka ga tsaunukan Alps jere har iyakar ganin ido, wasu na Ostiriya, wasu na Suwizalan, ba ka iya cewa ga inda wata ƙasa ta ƙare.

Abin da muka ƙaru da shi

Da la'asar sakaliya muka sauko bakin kogi, muka taka tsohuwar gadar katako mai rufi da aka gina a 1901, tsawonta mita 135. A tsakiyarta akwai alamar iyaka, yara na wucewa a kan keke ba mai duban su.

Wannan ba haka kawai ya samu ba. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuɗin Ostiriya, da suke amfani da shi, ya zama takarda, ajiyar mutane ta narke. Sai suka ƙulla yarjejeniyar duwan da Suwizalan a 1923, suka koma amfani da kuɗinta a 1924. Yau kamfanoni irin su Hilti mai ƙera kayan gini suna sayar da hajarsu a duniya daga wannan lungu, kuma fiye da rabin ma'aikatan ƙasar kullum daga ƙetaren iyaka suke zuwa su koma. Gaskiya ne bankunansu sun sha zargin ɓoye dukiyar masu gudun haraji, musamman a 2008, amma buɗaɗɗiyar iyaka ita ce ginshiƙin arzikinsu.

A kan gadar mun tuna da gida. Mun tuna yadda Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da yadda takunkumin CEDEAO ya sake rufe su bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Mutanen Ƙonni da Illela, da na Ɗan Isa da Jibiya, sun san albasa da tumatir nawa suka ruɓe a cikin mota, sun san jari nawa ya karye. Alhali mu harshenmu ɗaya, addininmu ɗaya, ga auratayya tsakaninmu.

Ba mu da tsaunukansu, amma abin da ya ɗaga su ba dutse ba ne, yarjejeniya ce da aka riƙe amanarta shekara 100. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin koyi, ya kuma sa albarka a kasuwanninmu, amin.