Hannun jarin da ka bari a Najeriya: yaya za ka sayar daga Kamlin?

Jama'ar Kamlin da Maiwurno, wannan tambaya ta zo mana sau da dama. Kana da hannun jari a wani banki ko kamfani a Najeriya, ga ka zaune a Jazira. Zai sayu? Ƙwarai kuwa, amma ba kamar saniya ba ce da za ka ce wa ƙanenka ya kai kara.

Sai ta hannun dillalin da hukumar SEC ta ba lasisi. Shi kuma ba zai taɓa komai ba sai jarin yana cikin rumbun CSCS, da lambarka ta CHN. In tsohuwar takardar shaida ce a ƙasan akwatinka, dillalin zai kai ta wurin rijistaran kamfanin, a duba sa hannunka, a mayar da ita cikin kwamfuta. Nan ake shan wahala, don sa hannun mutum na shekara 20 baya ba lalle ya yi daidai da na yau ba.

Kuɗin da naira za su faɗa, a asusun banki mai sunanka da BVN. Wanda ba shi da ita, tun 2025 Babban Bankin Najeriya ya buɗe NRBVN domin mazauna waje.

In jarin marigayi ne, sai da takardar kotu ta kula da gado. Kada ka manta da tambayar ribar shekarun da ba ka karɓa ba. Wadda ta kai shekara 6 ana mayar da ita wani asusun gwamnati, amma haƙƙinka ne, kana iya nema.