Dangin Kwaɗo Mai Kan Kada

Jama'a, in aka ambaci kwaɗo ba wanda gabansa zai faɗi. To, amma a zamanin da can, tun ba a yi kada a duniya ba, dangin kwaɗo su ne dodannin ruwa. An tono ƙasusuwan ɗaya daga cikinsu, waɗanda suka rikiɗe suka zama dutse, kusa da Arlit a ƙasar Nijar, masana kuwa suka raɗa masa suna Nigerpeton a shekarar 1995 da goma, watau 2005.

Wannan dabba ta rayu fiye da shekara miliyan 250 da suka wuce. Ƙoƙon kanta ya kai wajen rabin mita, dogo, shimfiɗaɗɗe kamar na kada. Fiƙoƙinta na ƙasa kuwa, don tsawo, in ta rufe baki sai su ɓullo ta waɗansu kafofi a bisa hancinta. Kifin da ya shiga nan, sai dai wani.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, danginta na kusa, waɗanda aka samu a Turai da Amurka ta Arewa, sun ƙare miliyoyin shekaru kafin zamaninta. Ana zaton hamadar da ta kewaye wurin ce ta keɓe ta, har irinta ya wanzu cikin 'yan koramun da suka rage.