Mene Ne Kangaru?

Idan mace ta haifi bakwaini a asibiti, mai yiwuwa ta ji ma'aikaciyar jinya ta ce a yi masa goyo irin na kangaru. To, mene ne kangaru, kuma daga ina sunan ya fito?

Kangaru wata dabbar daji ce ta ƙasar Ostireliya. Babu ita a dazukanmu, shi ya sa Hausa ta aro sunan. Tana cin ciyawa kamar tunkiya. Ƙafafunta na baya dogaye ne, na gaba gajeru, kuma da tsalle take tafiya. Macen tana da wata jaka ta fata a cikinta, kamar aljihun riga. Tana haihuwar ɗanta bai wuce girman ƙwayar wake ba. Sai ya rarrafa ya shiga jakar, ya kama nono, ya yi watanni a ciki yana shan ɗumin uwarsa.

Sunan ba na Turawa ba ne. A shekarar 1770 jirgin ruwan wani Baturen Ingila, Kyaftin James Cook, ya lalace a gaɓar tekun Ostireliya. Ya tsaya gyara a ƙasar wata ƙabila mai suna Gugu Yimidir. A bakinsu Turawan suka ji kalmar "gangurru", suka rubuta ta yadda kunnensu ya ba su. A wajen masu harshen, sunan wani iri ɗaya ne kawai, babba mai duhun gashi. Turawa suka yi wa dukkan dangin kuɗin goro.

An daɗe ana yaɗa labarin wai ma'anar kalmar ita ce "ban gane ba", wai amsar da aka ba Baturen ke nan da ya yi tambaya. Labari ne mai daɗin ji, amma ƙarya ne. Masana sun koma wurin ƙabilar, sun tarar har yanzu suna kiran dabbar da sunan nan.

Yadda sunan ya shiga asibiti kuwa, a shekarar 1978 ne, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya. Kwalaben saka bakwaini sun yi kaɗan, jarirai suna mutuwa. Sai wani likita, Edgar Rey, ya sa iyaye mata su yi koyi da kangaru.

Ga yadda ake yi. A tuɓe wa jariri kaya, a bar masa hula da ƙunzugu. A kwantar da shi a tsaye a tsakanin nonon uwa, fata na taɓa fata, a juya kansa gefe don ya sami numfashi. Sannan a ɗaure shi da zane. A ƙirji ake wannan goyo, ba a baya ba. Ana so ya sami awa 8 ko fiye a kowace rana, yana shan nono a kai a kai. Idan uwa ta gaji, uba ko kaka sai su karɓa.